Ɗakin hayaƙi: yadda banda ta tashi daga larura ta koma marmari a Amurka

Kafin firiji ya shiga gidajen Amurka, banda ce ke sa nama ya kai bazara. A jihohin kudu irin su Bajiniya, ana yanka aladu cikin sanyin Disamba, a binne naman a gishiri na makonni, sannan a rataye shi a ɗakin hayaƙi, wuta na ci a hankali kwana da kwanaki. A Mount Vernon, gidan gonar George Washington, ɗakin yana nan har yau. Bayi ne ke wannan aiki, amma ƙofar a kulle take, don kada su taɓa abin da suka ƙyafe da hannunsu.

A tsakiyar Texas kuwa, naman shanu ne ya yi fice. Mahauta Jamusawa da suka yi ƙaura a ƙarni na 19 sukan ƙyafe abin da ya yi kwantai, masu tsinkar auduga su saya su ci a kan takarda.

Da firiji ya yaɗu, larurar ta kau, amma harshe ya riga ya saba. A 1952 George Stephen ya ƙera murhun Weber mai murfi, wanda ya sauƙaƙa wa magidanci gashi da hayaƙi a bayan gida. Sai dai wannan banda ta suna ce kawai. Ƙirjin sa, yanki mai tauri da a da yake da araha, yakan yi awa 12 a zafin kusan digiri 110, ya yi laushi. Idan ya kwana, shi ma sai an sa shi a firiji.