Karofin Ƙofar Mata: Zanen da Ba Ya Buƙatar Alƙalami

Mai wucewa ta Ƙofar Mata, kusa da Asibitin Murtala, zai iya ɗaukar wurin a matsayin fili ne kawai mai ramuka da aka kife da kwanduna. Sai ya matsa kusa, warin baba ya daki hancinsa, ya ga dattijo a tsugune hannuwansa sun rine har gwiwar hannu, sannan zai gane cewa a marina yake.

Tarihin da marinan ke bayarwa shi ne an kafa wurin a 1498, a ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma a zamaninsa aka kafa Kasuwar Kurmi. Sai dai ba lallai ne karofin yau ya yi kama da na wancan lokaci ba. Philip Shea, masanin tarihin da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya nuna cewa da can a manyan tukwane ake rini. Abin da ya buɗe harkar shi ne laso, wani irin siminti na gida da ake haɗawa daga katsi, wato dagwalon da ke kwanciya a gindin karofi. Da shi aka samu damar haƙa rami mai zurfi a shafe shi ba tare da ya tsotse ruwa ba. Ma'ana, tsohon rini ne ke gina wa sabo ɗaki.

Kayan haɗin rinin kuwa duk na ƙasar nan ne: ganyen baba daga gonakin karkara, toka, kanwa da ruwa. A zuba a karofi, a bar shi ya yi makonni yana ruɓa, ana motsawa da muciya. A nan gwanintar take, domin babu ma'auni babu agogo. Marini yana duban kumfar da ta taso, ya shinshina, ya murza ruwan a yatsa. Karofin da aka haɗa da hunturu ba ya nuna da saurin wanda aka haɗa da bazara, saboda sanyi na kashe masa kuzari. Yaro yakan shekara da shekaru a gefen mahaifinsa kafin idonsa ya iya rarrabe karofin da ya nuna da wanda ke jiran kwana biyu.

Abin mamaki ga baƙo shi ne zanen ba ya fitowa da shuɗi. Idan aka tsamo shi, kore-kore yake, sai iska ta taɓa shi launin ya juye a gaban ido. A sake tsomawa, a sake ɗagawa. Yawan tsomi ne ke raba shuɗi mai haske da baƙin da ke kusa da dare, kuma marini ne kaɗai ke yanke cewa ya isa haka.

Adon jikin zanen ba a bakin karofi ake fara shi ba. Mata ne a cikin gidaje ke ƙulle farin yadi da zare, ƙulli bayan ƙulli, yadda duk inda zaren ya matse rini ba zai shiga ba. Ba sa zana komai a takarda tukuna. Sai an kwance ake ganin abin da hannu ya nufa, kuma sunayen adon daga abin da ido ya saba gani suke: wata da tauraro, fadar sarki, amarya da ango.

Hamada ma ta sa baki a launin Kano. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo birnin a 1851, ya ƙiyasta cewa kayan raƙumi 300 na rinannen tufafi ke tafiya Tumbuktu kaɗai a duk shekara, ban da na Gat da Murzuk da Tarabulus. Buzaye ba sa son shuɗi mai sanyi. Suna son mai duhu, mai walƙiya. Don haka masu bugu ke shimfiɗa zane a kan gungume, su barbaɗa shuni, su yi ta dukansa da sanduna masu nauyi har ya riƙa ƙyalli. Garin Kura ya shahara da wannan har rawanin da ake bugawa a can ya ci sunansa, ɗan Kura. Shunin da ke zuba a fatar mai ɗaura shi ba aibi ba ne a wurin Buzaye, ado ne.

A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin bature, wanda ba ya jiran makonni. Daga baya atamfar Sin mai araha ta cika Kantin Kwari. Cikin ramuka sama da ɗari da ke Ƙofar Mata, kaɗan ne ke aiki a yau, wasu ƙasa ta cike su. Masu saye yanzu sun haɗa da baƙi 'yan yawon buɗe ido da masu ɗinkin zamani, waɗanda kan tsaya su jira a kwance ƙulli a gabansu kafin su yi ciniki.