Asalin Kalma: Tsire

Kalmar tsire ta samo asali ne daga aikatau "tsire", wato a soke abu da tsinke ko mashi har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Yadda ake soke naman ne ya zama sunansa. Mai tsire yakan yanyanka naman sa siri-siri, ya tsire shi a tsinke, ya baɗe shi da ƙuli-ƙuli da yaji da gishiri, ya yayyafa man gyaɗa, sannan ya kafa tsinkayen kewaye da wutar tukuba.

A ƙasar Ɗan Isa, Ƙaura Namoda, Zurmi da kasuwar Shinkafi mai ci ranar Alhamis, sana'ar tana hannun mahauta ƙarƙashin Sarkin Fawa, shanun kuwa galibi daga Fulani makiyaya suke fitowa. 

Naman da aka gasa ba tsinke, balangu ne. Wanda aka shanya kafin a gasa, kilishi. A kudancin Najeriya ana kiran tsire suya, daga aikatau "soya", kodayake gasa shi ake yi.