Gurasa Biyar, Kifi Biyu, da Almakashi



A cikin mu'ujizojin da Kiristoci ke ba da labarinsu game da Yesu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS), ta ciyar da mutum dubu biyar ta zo a littattafan bishara huɗu duka. Amma Yohanna kaɗai ya ce wani yaro ne ya zo da gurasar sha'ir biyar da kifi biyu. Ba mamaki malaman yara suka riƙe labarin, tunda akwai ɗan'uwansu a ciki.

Sai dai almakashi da takarda ba tun farko suka shiga ajin ba. Lokacin da Robert Raikes ya buɗe makarantar Lahadi a Gloucester ta Ingila a 1780, yaran da ya tara 'yan aikin masana'anta ne masu wahalar kwana shida, abin da ake koya musu kuwa karatu ne da hadda. Canjin ya biyo ta Jamus. Friedrich Fröbel, wanda ya raɗa sunan Kindergarten a 1840, ya tsaya a kan cewa yaro da hannunsa yake fahimta: ya ninke takarda, ya yanka, ya saƙa. Sannu a hankali makarantun Lahadi suka ari dabarar. A 1954 kuma, a birnin Rum, Sofia Cavalletti da Gianna Gobbi suka fara ba yara 'yan siffofin makiyayi da tumaki su motsa da kansu, bisa tsarin Montessori.

Ga inda gizo ke saƙar. Yaro zai iya yanka gurasa biyar ya liƙa a kwandon takarda, ya tafi gida da lissafi daidai, alhali bai taɓa ma'anar ba, domin mu'ujizar tana cikin yawaitar ne. Kwandon da aka liƙe kuwa ba ya ƙaruwa. Shi ya sa muka fi yaba wa malamin da ke sa yaro ya ninke doguwar takarda sau da yawa, ya zana kifi ɗaya, ya yanka, sannan ya warware, sai ga jerin kifaye. Mamakin da labarin ke nufi, yaron ya ji shi a yatsunsa. Mu da ke cika gajerun labaranmu da bayani, muna yawan tsayawa a kwandon farko.

Tun da can ma masu aikin hannu sun yi wannan tunani. A Tabgha, gefen Tekun Galili, akwai zanen daɓe na ƙarni na 5 da aka tono a 1932, shekarar da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Kifi biyu ne a jiki, da kwando, amma gurasa huɗu kawai ake gani. Masu fassara da yawa na cewa ta biyar ita ce wadda ake ɗorawa a kan bagaden da ke bisa zanen lokacin sujada.