Asalin Rigar Bikin Yaye Ɗalibai

Doguwar rigar da ɗalibai ke sanyawa ranar yaye su ta samo asali ne daga tsofaffin jami'o'in Turai, irin su Faris da Oxford, a ƙarni na 12 da na 13. Galibin masu karatu a lokacin almajiran coci ne, zaurukan karatun kuma sanyi gare su, don haka tufar yau da kullum ce, ba ta ado ba. Sannu a hankali ta koma kayan biki. A 1895 jami'o'in Amurka suka keɓe wa kowane fanni launinsa. Najeriya kuwa daga Ingila ta gaji al'adar, ta hanyar Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka buɗe a 1948, duk da rigar ba ta shiri da zafin ƙasar.