Likitan Da Ya Ƙi Tsayar Da Magani

Wani lokaci mace takan ɗauki ciki, ya girma, amma babu jariri, sai ƙulle-ƙulle kamar 'ya'yan inabi. Bayan an wanke mahaifa, a wasu mata ragowar mabiyiya takan rikiɗe ta zama ciwon daji, ta bi jini ta kai huhu da ƙwaƙwalwa. Ba kasafai ake samun wannan ciwo ba, amma a dā mai kisa ne ƙwarai. Abin da likitoci ke iya yi shi ne su cire mahaifa. In ya riga ya bazu, yawancin matan ba sa cika shekara.

A 1956, a Cibiyar Ciwon Daji ta Amurka, Likita Min Chiu Li da Likita Roy Hertz suka ba mata masu wannan ciwo wani magani mai suna methotrexate. Li mutumin Sin ne, ya koyi likitanci a makarantar da 'yan mishan na Sikotlan suka kafa a Mukden. Ciwon ya ɓace. Wannan ne karo na fari da magani kaɗai ya warkar da ƙullin daji da ya bazu a jiki.

Amma Li ya lura da wani abu. Ko da hoton ƙirji ya nuna babu kome, sinadarin da mabiyiya ke fitarwa, wanda ake gane ciki da shi, yana nan a fitsarin matan. Ya ce ciwon ɓuya ya yi, sai ya ci gaba da ba da maganin har sinadarin ya ƙare. Shugabanninsa suka ga wahalar da marasa lafiya yake yi, suka sallame shi a 1957. Daga baya aka ga waɗanda aka tsayar musu da wuri ciwon yana dawowa, nasa kuwa sun warke sarai. A 1972 aka ba shi lambar yabo ta Lasker.

Yau fiye da 90 cikin 100 na masu wannan ciwo suna warkewa, da yawa kuma suna sake haihuwa. Saboda haka macen da aka wanke wa irin wannan ciki a Yendi, Salaga ko Bawku, kada ta ce jini ya tsaya, shi ke nan. Ta riƙa komawa awo har likita ya sallame ta. In an tura ta Tamale ko Kumasi shan magani, miji da dangi su haɗa kuɗin mota, su tsaya mata har allura ta ƙarshe.