Tahamisi da Marsiyya: Zumuncin Marubuta Tsakanin Tambuwal, Gwandu da Sakkwato

Akwai wani ra'ayi da ya samu gindin zama a tarukan nazarin adabin Hausa, wai marubuci bai san ɗan'uwansa marubuci ba sai da birni da maɗaba'a suka haɗa su. Mai wannan ra'ayi yakan fara lissafi daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, ya ratsa ta Hikima Club ta Mudi Sipikin a Kano (Furniss, 1996), ya sauka kan Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu a ƙarshen shekarun 1980. In aka bi wannan ma'auni, garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe, a kudancin jihar Sakkwato, sai dai su zauna a gefe suna kallo, tunda a cewar mai wannan ra'ayi zumunci ba ya samuwa sai da ƙungiya mai shugaba da ma'aji. Da alama ma'aunin ne ke da tawaya.

Tarihin jihadin Shehu Usmanu da yadda aka raba daula tsakanin Sakkwato da Gwandu sananne ne (Last, 1967). Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne wanda aka ba Tambuwal, wato Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, mawaƙi ne a harshen Larabci, kuma ya yi karatu a hannun baffansa Abdullahi, wanda ke zaune a Gwandu, maƙwabciyar Tambuwal, har rasuwarsa a 1829. A Sakkwato ga ƙanwarsa Nana Asma'u da mijinta Waziri Giɗaɗo, a Wurno ga Muhammadu Bello, a Salame ga Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu, mai Rauɗatul Afkar. Kowanensu yana rubutu, kuma akwai alamar suna karanta juna da idon mai sana'a.

Alamar da ta fi ƙarfi ita ce tahamisi. Mai tahamisi yakan ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya ɗora masa ɗango uku nasa daga sama, baiti ya koma ƙwar biyar. Dole ya bi karin waƙar yadda ya same shi, dole amsa-amon ɗangayensa uku ya dace da ɗangon farko na mai waƙa, kuma ma'ana ta zubo ta shiga ta asali ba tare da an ga ɗinkin ba. Ba wanda zai iya wannan aiki sai ya haddace waƙar, ya san inda mai ita ya yi numfashi da inda ya taƙaita. Tabbat Haƙiƙa misali ce a fili: Shehu ya yi ta da Fulatanci, Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Hannu uku a waƙa ɗaya. Wace ƙungiyar marubuta ta yau ce mambobinta ke shiga aikin juna har zuwa nan?

Sai marsiyya. Asma'u ta yi wa Abdullahi, ta yi wa Bello bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa Buhari na Tambuwal, ta yi wa Giɗaɗo (Boyd da Mack, 1997). Abdullahi kuwa ya jera sunayen malamansa a Ida'un Nusukhi, ya kuma tattara waƙoƙinsa da bayanin dalilin kowace a Tazyinul Waraƙat. Mutanen da ke rubuta wa ya koyar da wa, suna kuma yi wa juna ta'aziyya da baiti, da wuya a ce ba su ɗauki kansu jama'a guda ba.

A nan ne abokin jayayya zai ɗaga murya, kuma sukarsa ba ta wasa ba ce. Zai ce wannan gida ne, ba ƙungiya ba: uba da ƙane da 'ya'ya da suruki da jika. Zumunci na gaskiya, in ji shi, shi ne wanda baƙo ke nema ya samu saboda alƙalaminsa kawai. Zai ƙara da cewa masu mulki ne, takarda da tawada da manzon da zai kai saƙo duk suna hannunsu.

Kashin farko na sukar bai tsaya da ƙafarsa sosai ba. A cikin littattafai biyar da gasar 1933 ta fitar, mai Ganɗoki, Bello Kagara, yayan mai Ruwan Bagaja ne, Abubakar Imam, amma ba a taɓa jin an cire su daga tarihi saboda jini ɗaya ba. Ƙari ga haka, marubutan gasar kowa wurin East ya aika da aikinsa. Alƙali ɗaya suka haɗa, wanda hakan bai kai zama da juna ba. Kuma jini ba ya tilasta tahamisi. Shehu yana da 'ya'ya da yawa, kaɗan ne daga cikinsu suka shiga wannan hira ta baitoci, abin da ke nuna cewa iyawa ma tana da nata ƙofar.

Kashi na biyu kam yana da nauyi, kuma ya kamata wannan maƙala ta rage faɗin da'awarta a gabansa. Hujjojin da aka kawo suna nuna zumunci ne a tsakanin malamai masu riƙe da sarauta, ba a tsakanin duk mai allo da alƙalami a Dogon Daji ko Sanyinna ko Kebbe ba. Ko a Tambuwal ɗin ma, sunan Buhari ne ya ɗauke yawancin nauyin. Iyakar abin da za a iya cewa da ƙarfin zuciya shi ne garin yana kan hanyar da rubutu ke kai da komo tsakanin Gwandu da Sakkwato, kuma mai garin yana cikin masu rubutun.

Duk da haka da'irar ba a rufe take ruf ba. 'Yan Taru na Asma'u mata ne daga ƙauyuka. Jajiyarsu, wato shugabarsu, takan karɓi malfa da jan ƙyalle a hannun Asma'u, alamar an ba ta izinin koyarwa, ta koma gida da waƙoƙi a ka, ta karantar da matan kulle (Boyd, 1989). Ana iya cewa waɗannan masu isarwa ne, ba masu rubutawa ba, kuma haka ne. Sai dai saboda su ne aka riƙa mayar da waƙoƙin Fulatanci zuwa Hausa, har Isa ya fassara Filitago ta Asma'u ta zama Waƙar Gewaye. Masu saurare sun juya harshen marubuta, wanda shi ma wani nau'in mu'amala ne.

Abin da zai raba gardamar yana cikin rubutattun takardu, a Sakkwato a hukumar tarihi mai sunan Waziri Junaidu, da kuma gidajen malamai na Gwandu da Tambuwal. Masu kwafe littafi sukan sa sunansu a ƙarshe, wani lokaci har da wanda suka kwafa dominsa. In aka bi waɗannan sunaye a kwafe-kwafen waƙoƙin Buhari, za a ga ko hannayen da suka juya su na gidan Shehu ne kaɗai, ko kuwa akwai na almajiran garuruwan kewaye.