Giyar Tarakta a Hannun Makanikan Magazin

Magazin, babbar matattarar makanikai ta Kumasi, ta samo asali a shekarun 1930 kusa da Zango, a gefen tsohon rumbun makaman Turawan mulki, kafin a mayar da ita Suwame. Da yake sana'ar ta ginu kan farfaɗo da tsofaffin injuna, masu ita sun fi aminta da giyar hannu, wadda haƙoranta da kulocinta ake kwancewa a ga inda suka cinye, a musanya su. Giyar mai kuwa, wadda famfo ke tura mai ya juya ƙafafun tarakta, tana da daɗin tuƙi, amma ƙura kaɗan kan lalata ta, gyaranta kuma da tsada, abin da manomi mai sayen tsohuwar tarakta bai kamata ya raina ba.